Takardar zama ɗan Najeriya ta maƙale, ga tafiya ta taso: yadda za ka bi da lamarin ba tare da ka ɓata fayil ɗinka ba

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na mutanenmu ne na bakin iyaka, Maigatari, Sule Tankarkar, Babura, Gumel, har ƙauyukan Kano ta wajen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, inda da wuya ka zaga unguwa baka tarar da gidan da aka auro mace daga Magariya ko Dungas ko Damagaram na ƙasar Nijar ba, ko dattijon da ya shigo cin rani tun yana saurayi gashi yanzu har da jikoki. Ni sana'ata cike fom da buga takardu ce a ɗan shagona, toh kusan kullum maganar ɗaya ce ake kawo min, an nemi takardar zama ɗan ƙasa an ji shiru, ga rasuwa an yi a can gida ko biki ko kujerar Makka ta samu, a tafi ne ko a zauna, in an tafi neman ya lalace ne?

Amsar a taƙaice, ana tafiya. Amma ka riƙe wannan da kyau don duk sauran bayanin a kansa yake: daga ranar da ka miƙa fom har ranar da ka yi rantsuwa aka damƙa maka satifiket a hannu, kai ɗan ƙasarka ta asali ne a idon hukuma, da takardunta zaka fita da su zaka dawo. Rasit ɗin biyan kuɗi ba fasfo bane, lambar fayil ba katin ɗan ƙasa bace.

Da farko ka duba ko ma kana buƙatar neman

Wallahi mutane da yawa suna wahalar neman abin da tuntuni nasu ne. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, in dai uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne, toh shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda kuma aka haifa a waje, in uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shima haka. Kaga kenan Malam, in kai ɗan Najeriya ne, yaran da matarka ta je wankan gida ta haifa a Matamaye ko Mirriya 'yan Najeriya ne cikakku, babu wani fom ɗin neman zama ɗan ƙasa da za a cike musu. Haka 'yarka da ka aurar can, 'ya'yanta ta wajen uwa sun samu, don dokar cewa ta yi uwa ko uba, bata ce uba kaɗai ba. Abin da waɗannan suke buƙata hujja ce kawai, takardar haihuwa, takardar asalin ƙaramar hukumar iyayen, NIN, sai su nemi fasfo kai tsaye.

Amma juya maganar. Haihuwa a ƙasar Najeriya ita kaɗai bata bayarwa. In uwa da uba da kakanni duk 'yan Nijar ne, ko a asibitin Gumel aka yanke wa yaro cibiya bai zama ɗan Najeriya ta haihuwa ba. Wannan yana yi wa mutane zafi in na faɗa, amma gara ka ji a shago da ka ji a gaban jami'i.

Sai ka san ta wace ƙofa zaka shiga

Ƙofa biyu ce. Ta farko rajista, sashe na 26. Ita ce ta macen da ke auren ɗan Najeriya ko ta taɓa aurensa, ku lura da wannan, ko ta taɓa, ma'ana wadda mijinta ya rasu ko aure ya mutu ba a rufe mata ƙofa ba. Sannan baligin da aka haifa a waje amma kakansa ko kakarsa ɗan Najeriya ne, shima nan zai bi, kuma mu nan irin wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato tunda iyakar nan ta raba dangi ne gida biyu. Abin da ake dubawa a wannan ƙofa halin kirki, da nuna cewa da gaske nan kake nufin zama, da rantsuwar biyayya ga ƙasa.

Ta biyu sashe na 27, ta wanda ya daɗe da zama, kuma ita ce mai wuya. Ko dai ka zauna shekara 15 a jere kafin ranar da ka nema, ko kuma ka yi wata 12 a jere dab da neman, sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watannin in an tattara zamanka ya kai shekara 15. Bayan haka sai gwamnan jihar da kake zaune ya gamsu cewa mutanen gari sun karɓe ka ka saje da su, sai a ga kana da abin da kake amfanar ƙasa da shi. Mijin da ya auri 'yar Najeriya nan zai bi, aure bai bashi gajeriyar hanya ba kamar yadda ya bai wa mace. Ni dai a ganina akwai rashin daidaito a nan, ƙungiyoyin mata ma sun sha kokawa a kai, amma haka dokar take a rubuce.

Maganar ajiye ƙasar asali kuwa, sashe na 28 bai tilasta wa wanda yake ɗan wata ƙasa ta haihuwa ya bar ta ba, kuma ita ma Nijar tun 2014 ta gyara dokarta ta yarda da riƙe ƙasa biyu. Don haka Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba cewa aka yi ki yanke da gidanku ba.

Haɗa takardu, nan ne yawancin fayil ke mutuwa tun kafin ya tashi

Neman yana tafiya ne ta ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya, sashen da ke kula da zama ɗan ƙasa, kuma yanzu ta intanet ake cikewa a ɗora takardun. Jerin abin da suke so yana shafinsu, ka sa a buɗe maka ka karanta na ranar don suna ƙarawa suna ragewa, amma abin da baya canjawa shi ne takardar haihuwa, shafin fasfo mai hoto, katin izinin zama, hotuna, masu tsaya maka 'yan ƙasa da takardunsu, hujjar sana'a, ga mai bin ƙofa ta biyu har da takardar biyan haraji. Ga mace kuma takardar aure da hujjar cewa mijin ɗan Najeriya ne.

Takardar auren nan ita ce matsalarmu a karkara. An ɗaura aure a ƙofar gida, an raba goro da alawa, an yi fatiha shikenan, babu wanda ya rubuta komai. Toh sai a koma baya, a samu limamin da ya ɗaura in yana raye, da waliyyi da shaidu, a je kotun shari'a a yi takarda. In can Nijar aka ɗaura a nemo ta can. Kar ka bari wani ya buga maka ta bogi a shago, ni kaina ana roƙona ina ƙi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Suna. Takardun Nijar da rubutun Faransanci ake yinsu, namu da na Ingilishi. Wata baiwar Allah ta kawo min takardunta a leda baƙa an naɗe da zani, takardar haihuwa ta ce Aichatou Mahamadou, takardar aure ta ce Aisha Muhammad, NIN ya ce A'isha Mamman da sunan mijin a ƙarshe, shekarar haihuwa kuma ta can daban ta nan daban don ranar da aka je yin NIN yaron da ya raka ta ne ya kintata. Mu mun san mutum ɗaya ce, duk gari an sani, amma wanda ke zaune a ofis a Abuja bai santa ba, mata uku yake gani. Irin wannan fayil ba a cewa an ƙi shi, ajiye shi kawai ake yi gefe ana jiran bayani, kai kuma kana gida kana cewa gwamnati ta yi shiru. Abin yi, ka ɗauki rubutun da ke cikin fasfo a matsayin uwa, komai ya bi shi harafi da harafi, inda aka samu saɓani a je kotu a yi takardar rantsuwa cewa sunayen duk na mutum ɗaya ne, a gyara na NIN a ofishinsu. Takardar da ke Faransanci kuma a kai wa mai fassara da hukuma ta sani ya juya ta ya buga hatimi, ba ɗan makwabta da ya yi lakwal a Damagaram ba.

Me ya sa abin ke daɗewa

In ka san hanyar da fayil ke bi zuciyarka zata ɗan sanyaya. Daga ma'aikata ana tura bincike wajen jami'an tsaro na DSS da na shige da fice, ga masu ƙofa ta biyu ana jiran ra'ayin gwamnatin jiha, sannan akwai kwamitin ba da shawara da ke zama ya tace sunaye, daga nan a kai majalisar zartarwa ta tarayya, shugaban ƙasa ya amince, sannan a sa ranar rantsuwa da raba satifiket. Kuma ba ɗaya-ɗaya ake yi ba. Kamar motar kasuwa ce, ko kai ka fara shiga tun asuba bata tashi sai ta cika. A watan Satumba 2022 lokacin Buhari mutum 286 aka bai wa a zama ɗaya, a watan Mayu 2023 kuma 385, duk ƙasar nan fa, har da Larabawan Lebanon da Turawa da Indiyawa da suka shekara da shekaru a Kano da Legas. Toh in zama ya wuce ka sai wani, kuma canjin gwamnati ko na minista yakan ƙara jan abin. Jiran shekaru a wannan harka ba baƙon abu bane, ba kuma alamar an ƙi ka bace.

Riƙe fayil da rai kafin ka motsa

Kafin ma a zo maganar tafiya akwai abubuwan da dole su kasance a raye. Lambar wayar da ka sa a fom, kar ka bari layin ya mutu, kar ka ba yaro ya tafi da shi Legas. Mu nan mutum sai ya canja layi saboda bonanzar kati, alhali ta tsohon layin za a neme shi. Imel ɗin da mai kafe ya buɗe maka, ka karɓi adireshin da lambar sirrin a rubuce a takarda ka adana, ka riƙa sa wani amintacce yana leƙawa duk sati ko biyu. Katin izinin zama kar ya ƙare a hannunka, ga 'yan yammacin Afirka akwai katin zama na ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, ga wanda ya fito daga Cadi ko Sudan ko Kamaru kuwa katin CERPAC ne, kuma matan 'yan Najeriya suna da rukuninsu a ciki. Mutane na ɗauka tunda sun nemi zama ɗan ƙasa ba sai sun sabunta katin zama ba, kuskure ne babba, mai bincike abin da zai fara dubawa kenan, shin zaman naka ma bisa ƙa'ida yake?

Sai mai unguwa da dagaci. Ka je ka gaishe su ka faɗa musu kana da nema a gaban hukuma kuma za a iya zuwa tambaya. Masu bincike ba sa aiko da goron gayyata, kawai za a ga baƙo ya tsaya a majalisa ko wajen mai shayi yana tambayar wane ne wane, yaushe ya zo garin nan, me yake yi. In mutanen gari suka tsorata suka ce basu sanka ba don suna ganin rufa maka asiri suke yi, sun kashe ka da alheri.

Shirin tafiyar kanta

In tafiya ta taso, fara da fasfo ko katin ƙasarka, ka duba ranar ƙarewa. In ya kusa mutuwa ka sabunta, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano, babban kuma yana Abuja, su zasu faɗa maka abin da ake iya yi a nan da wanda sai ka je gida. In an baka sabon fasfo kar ka yar da tsohon, duk hatiman da ke ciki su ne tarihin zamanka, kuma lambarsa ce a fayil ɗinka, don haka sai ka rubuta wasiƙa ka sanar da ma'aikata sabuwar lambar ka haɗa da fotokwafi.

Yanayin iyaka kuma ya canja, ba kamar da ba. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar yana shiga wata ƙasar ba biza har kwana 90. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, sun kuma fito da fasfonsu na ƙawancen Sahel. A ranar ECOWAS ta sanar cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin waɗannan ƙasashe masu tambarin ƙungiyar, a bar mutanensu su shiga su zauna ba biza har sai an sanar da wani abu sabo. Kaga wannan alfarma ce ta wucin gadi, ana iya taɓa ta kowane lokaci, shi ya sa kafin ka ɗaura kaya ka leƙa ofishin shige da fice mafi kusa, Dutse ko Kano ko nan bakin boda, ka tambayi me ake karɓa a wannan watan.

Ka yi fotokwafin komai kashi biyu, rasit, shafin da ke nuna lambar fayil, katin zama, takardar aure, ɗaya ka tafi da shi ɗaya ka bari a gida wajen wanda ka yarda da shi, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Katin rigakafin shawara, yalo kad ɗin nan, ka riƙe shi, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba sai ana sake maka ba. In mace zata tafi da yara ba tare da uban ba, ya rubuta takardar amincewa ya sa hannu da lambar waya, a haɗa da takardun haihuwarsu, saboda jami'ai suna sa ido sosai kan safarar yara kuma suna da gaskiya.

A bakin boda

Nan ne zan yi faɗa da 'yan uwana. Mun saba, ranar Alhamis kasuwar Maigatari mutum ya hau mashin ya bi ta cikin gonaki ya ɓulla can ya dawo da yamma babu wanda ya tambaye shi, haka kakanninmu ma suka yi da jakuna da raƙuma. Ga mai fayil a gaban hukuma wannan ya ƙare. Ka bi ta ƙofa, Maigatari ko Kongwalam ko duk wadda hukuma ta sani, ka miƙa fasfo a buga maka fita, in ka dawo a buga maka shiga, ka tsaya ka duba kwanan watan da idonka kafin ka bar tagar don wani lokacin hatimin baya fita sosai ko an manta ba a juya ranar ba. Mafi muni shi ne ka fita ta ƙofa ka dawo ta daji saboda direba yana sauri. A takarda har yau kana waje kenan. Ranar da aka buɗe fasfonka a gaban mai tambayoyi aka ga fita babu shiga, me zaka ce masa?

Ka samu ɗan littafi irin na 'yan makaranta, duk tafiya ka rubuta ranar fita, ranar dawowa, garin da ka je, dalili. In an tambaye ka baka buƙatar kame-kame.

Kwana nawa zan iya yi

Lissafin shekarun da kundin ya ambata na kafin ranar nema ne. Amma sharaɗin nuna cewa nan kake nufin zama yana nan tare da kai har ranar rantsuwa, kuma ana iya kiranka tambayoyi ko a zo dubaka kowane lokaci. Shawarata, zuwa gaisuwar rasuwa, biki, duba mara lafiya, sati ɗaya zuwa wata guda ba komai. Abin da nake tsoro shi ne a tafi noman damina gaba ɗaya, ko mace ta je wankan gida ta zarce har yaye, gida a rufe, katin zama ya ƙare tana can. In wanda zai bi ƙofa ta biyu ne kuma bai riga ya miƙa fom ba, ya kiyaye wata 12 ɗin nan na dab da nema sosai, doguwar tafiya a cikinsu tana iya jawo a ce zaman ya yanke.

Sannan ka tuna boda tana rufuwa ba sallama. An rufe a watan Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe Maigatari da Illela da wasu. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, sai Maris 2024 aka buɗe. Duk mun ga waɗanda suka je kwana uku suka share watanni. Ka tafi da guzurin da ya wuce kwanakin da ka yanke, da sefa a hannu, in irin haka ta rutsa da kai a can ka sa na gida ya kai wasiƙa ma'aikata da ofishin shige da fice cewa rufe iyaka ne ya tsare ka, a karɓa a buga hatimi a kwafinka. Kar ka ce bari in bi ta daji in dawo.

Hajji da Umara, da gajeriyar hanyar da ke kai mutum gidan yari

Kujerun Hajji kowace ƙasa da kasonta. Na Najeriya ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi suke bi kuma da fasfon Najeriya, na Nijar ta hannun hukumarsu COHO. Toh sai Alhaji ya biya kujera biyu shi da uwargida, a zo wajen fasfo a tuna ita takardarta bata fito ba. A nan ne wani zai matso ya ce ranka ya daɗe ai abu ne mai sauƙi, a samo mata takardar asalin ƙaramar hukuma a ce a ƙauye kaza aka haife ta, sati biyu fasfo ya fito. Dan Allah kar ku yi. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe fasfon Najeriya laifi ne a doka, yin ƙarya don a samu fasfo laifi ne, wanda ya tsaya mata shima ya shiga ciki. Kuma yanzu komai da zanen yatsa ne, yatsun da suka ce a ofis ɗaya an haife ta a Dungas su ne zasu ce a wani ofis an haife ta a Garki, kwamfuta bata mantuwa. Ranar da abin ya haɗu an rasa fasfon, an rasa neman da aka shekara ana jira, ga shari'a. Hanyar da ta dace, ta yi rajista ta ɓangaren ƙasarta da fasfonta ku haɗu a Makka, ko a yi Umara ta kamfanin da ya san aikin masu katin zama, ko a jira. Fasfon ya zama da sauran aƙalla wata 6, a yi allurar sanƙarau da sauran da ake nema.

Haka katin zaɓe. Na 'yan ƙasa ne kaɗai, ko ɗan siyasa ya kawo mota ƙofar gida kar ki shiga layin. NIN kuwa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya yi, amma a rubuta ƙasarsa ta gaskiya, kuma riƙe NIN bai mai da kowa ɗan ƙasa ba.

Bin sawu in shirun ya yi yawa

Ka fara da shafin intanet ɗin, a duba ko an rubuta ana jiran wata takarda daga wajenka, sau da yawa nan matsalar take. In babu, rubuta wasiƙa gajera zuwa ga babban sakataren ma'aikatar, sunanka yadda yake a fasfo, lambar fayil, ranar da ka nema, lambar waya, kana roƙon a sanar da kai inda aka kwana. Kwafi biyu, a karɓi ɗaya a buga maka hatimi a ɗayan. Bayan 'yan watanni ka sake, ka ambaci ta farko. Ga mai ƙofa ta biyu ya bincika ta ɓangaren jiha ma, don wani lokacin Abuja jiran amsar Dutse ko Kano take yi. In duk ba motsi akwai hukumar karɓar ƙorafin jama'a, tana da ofis a kowace jiha kuma kyauta ne, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da lauya zai iya amfani da ita ya nemi a faɗi matsayin fayil, sannan ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku wasiƙarsa tana da nauyi, ba sai lokacin rabon taki kaɗai ake nemansa ba. Abin da ba zaka yi ba shi ne sake cike sabon fom saboda haushi, fayil biyu da suna ɗaya rikici ne sabo. Duk kuma wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa yana da mutum a sama, ka riƙe kuɗinka, kuɗin hukuma ta hanyar biyan gwamnati yake bi kuma da rasit.

In kira ya zo kana waje, na tambayoyi ko na rantsuwa, ka bar abin da kake yi ka taho, in ba hali a rubuta a nemi wata ranar tun kafin ranar ta wuce. Bayan an baka satifiket sai ka je a gyara bayanin ƙasa a NIN, sannan ka nemi fasfo da satifiket ɗin a matsayin hujja, ba da takardar ƙaramar hukuma ba, asalin kuma ka yi masa kwafi ka adana inda gara da ruwan damina basa kaiwa. Mai sha'awar takara ya sani sashe na 307 ya ce sai an shekara 10 da samun takardar kafin a riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi, kujerar gwamna da ta shugaban ƙasa kuwa ta ɗan ƙasa ta haihuwa ce kaɗai.